Ra'ayi: Abin da kare ya sani game da ubangidansa

Kiwon karnukan waje ya zama yayi tsakanin samarin birane. A Yamai, a Maraɗi, a Damagaram, har ma da Tawa, da rana ta yi sanyi za a ga saurayi riƙe da sarƙa, ƙaton kare na jansa, yara na darewa, ƴan kabu-kabu na kaucewa. Mafi yawa irin na Jamus ne da ake kira berje, sai rotwaila mai faɗin kai, sai kuma burbul na Afirka ta Kudu ga wanda aljihunsa ya yi nauyi. Kafin a koma gida an ɗauki hoto, an ɗora a Facebook ko TikTok, abokai sun zuba yabo. Kuɗin ɗan kwikwiyo guda mai takarda yakan zarce mafi ƙarancin albashin wata a Nijar, wanda aka kai jika 42 a shekarar 2024, tun ba a zo maganar abinci da allura ba.

Son dabba ba abin zargi ba ne, kuma a garin da ɓarayi ke haura katanga, kare ya fi kwaɗo da makulli amfani. Abin dubawa shi ne dalilin sayen. Da yawa daga cikin samarin nan sun sayi kare ne kamar yadda ake sayen agogo ko sabuwar salula, domin a gan su da shi. Sai dai sun yi kuskuren kaya. Agogo ba ya kallon mai shi. Kare kuwa kallon ubangidansa shi ne aikinsa daga safe har dare, kuma cikin ƴan watanni yakan fito da halin mutumin fili, har maƙwabta su karanta. Wanda ya sayi kare don ya yi kama da wani, ƙarshenta karen ne ke nuna ko shi wane ne.

Bahaushe ya daɗe tare da kare, kuma zaman nasu na ban mamaki ne. Zagi kaɗan ne ya kai a kira mutum kare zafi. In ɗan siyasa ya tara matasa suna yi masa ta'asa, a ce karnukan farautarsa ne. Amma bakin da ya yi zagin shi ne ya ce karen bana ke maganin zomon bana, shi ne kuma ya lura cewa in kare na sunsunar takalmi, ɗauka zai yi. Wanda bai zauna da dabba ya ƙare mata kallo ba, ba zai iya irin wannan magana ba.

Mafarauta sun fi kowa wannan sani. Bayan an gama girbi, a ƙauyukan Gobir, Katsinar Maraɗi da Adar ake fita daji rukuni-rukuni, kowa da gorarsa da karnukansa. Mafarauci ba shi da littafin horo, amma ya san wane kare ne mai hanci, wane ne mai gudu, wane ne mai baki kawai. Ya kuma san karen da ake ba shi rabonsa in an yi kamu shi ke tsayawa kan zomo har ubangidansa ya iso, wanda aka saba zalunta kuwa daji yake shigewa da abin da ya kama. Shi ya sa in kare ya lalace, mai shi ake yi wa dariya a cikin ƴan uwa.

Abin da mafarauci ya gane da ido, masu bincike sun auna shi a ɗakin gwaji. A 2019 wasu masana a jami'ar Linkopin ta ƙasar Suwidin suka ɗauki gashin karnuka 58 da na matan da ke kiwon su, sau biyu, lokacin zafi da lokacin sanyi. Suka auna sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa idan ana cikin damuwa, yake kuma taruwa a cikin gashi wata da watanni. Sai suka tarar ma'aunin biyu tare suke tafiya: inda na uwargijiya ya hau, na karen ma ya hau. Da suka ƙara dubawa, halin mai karen ya fi halin karen kansa tasiri a kan damuwar da ke jikin dabbar. A 2022 kuma, a birnin Belfas na Ayalan ta Arewa, aka sa mutane lissafin ka mai wuya, aka ɗauki guminsu da numfashinsu kafin lissafin da bayansa, aka miƙa wa karnuka huɗu da aka horar. Fiye da sau 90 cikin 100 karnukan sun ware warin mutumin da hankalinsa ya tashi. Tun kafin nan, a 2015, masana a jami'ar Azabu ta Japan sun nuna cewa in kare da ubangidansa suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, irin wanda ke ƙulla uwa da jaririnta, yana ƙaruwa a jikin su biyun.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da gaisuwa ba ta da amsa sai "lafiya lau". Tarbiyyar Bahaushe ta ginu kan kunya da kara da haɗiye abin da ke ciki, kuma akwai kyau a cikin hakan, amma tana da tsada. Saurayin da ya gama jami'a shekara uku ba aiki, ko ɗan kwantiragin da albashinsa ya makara, ko wanda aka mayar wa kuɗin aure, yakan je fada da rigarsa a goge, ya sha shayi, ya yi barkwanci, ya tashi ba wanda ya san komai. A gaban mahaifi akwai fuskar ladabi, a gaban budurwa akwai ta mai kuɗi, a intanet akwai ta wanda ya riga ya ci nasara. Yau da gobe har shi kansa ya rasa wacce ce tasa. Kare ba ruwansa da ko ɗaya daga cikinsu. Yana jin takun ƙafa tun daga ƙofar gida, yana jin yadda aka tura ƙyaure, yana jin warin gumi. Ranar da ya taho a guje yana kaɗa wutsiya, da ranar da ya laɓe bayan randa yana leƙe, duka rahoto ne a kan wanda ya shigo.

Akwai ma gwajin da ba ya buƙatar jami'a. Mai kare ya ɗaga hannu kamar zai sosa ƙeya. In karen ya ci gaba da harkarsa, madalla. In ya ƙanƙance jiki, ya kwantar da kunnuwa, ya runtse ido, to hannun nan yana da tarihi. Samari da dama da ake yi wa shaidar sanyin hali a waje za su faɗi wannan jarrabawa, kuma ba lallai don sun fi kowa mugunta ba. Fushin da ba a iya sauke wa shugaban wurin aiki ba, ko ɗan sandan da ya tsare babur, ko baban budurwa, yakan nemi wanda ba zai rama ba. Kare ba ya kai ƙara wurin mai unguwa, ba ya yaji, ba ya gaya wa kowa. Wanda ya lura cewa a nan yake juye fushinsa ya samu labari mai amfani da wuri, domin jerin waɗanda ba sa iya ramawa bai tsaya kan kare ba. Akwai ƙanne, akwai yarinyar aiki, akwai almajirin da ke wanke kwanuka, gobe kuma ga mata da ƴaƴa.

Haka batun tsayawa kan magana ɗaya. Kare bai san "yau kaɗai" ba. In jiya an bar shi ya hau tabarma saboda ana cikin nishaɗi, yau aka dake shi a kan haka saboda rai a ɓace, abin da ya koya shi ne ubangidansa ba shi da tabbas. Daga nan sai ya daina saurare, a ce ai kare ne mai taurin kai. Abinci kan lokaci, ruwa mai tsabta, fita yawo da sassafe ko da an kwana kallon ƙwallo, duka alkawari ne da ba a rubuta ba, kuma babu mai tuhuma in an saɓa. Mutum yakan ɗauki kansa mai cika alkawari har ranar da ya samu wanda ke jiran sa kowace safiya.

Sai masu son kare mai cizo. Ana kulle dabba yini guda cikin kejin ƙarfe mai rufin kwano, ba ta ganin kowa, wani lokaci har da horon yunwa, wai don ta yi zafi. A watan Afrilu zafin Yamai yakan haura digiri 40, berje kuma gashi biyu gare shi, an samar da irinsa ne a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 domin kiwon tumaki cikin sanyi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa. Abin da ke fitowa daga wannan keji da dare dabba ce da tsoro ya cika, kuma kare mai tsoro shi ya fi saurin cizo, ba ya tsayawa bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Gadin gida ba ya buƙatar haka. Karen da ya san mutanen gida, ya san maƙwabta, shi ke gane baƙon dare. Wanda ke jin daɗi in mutane sun dare sun ba shi hanya, kwarjini yake ara, kuma ya dace ya tambayi kansa me ya sa nasa bai ishe shi ba.

Abin takaici, ƙasar da ake ta shigo da karnukan sanyi cikinta tana da nata karen, wanda duniya ta sani da sunan wani yanki nata. Kwarin Azawak, da ya ratsa arewacin jihar Tawa, wajajen Abalak, Cintabaradan da Tasara, ya faɗa ƙasar Mali, shi ya ba da sunansa ga dogon karen nan siriri na Abzinawa da sauran makiyayan yankin. Ƙafafu dogaye, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, gashi gajere kamar an shafa. Haƙarƙarinsa a bayyane suke ko da yana cikin ƙoshin lafiya, haka halittarsa take. Yana kamo zomo da barewa da gudu, da dare yana gadin rugga da dabbobi, cimarsa kuma ba ta wuce ta masu shi ba, hatsi da nono da ɗan abin da aka samu. Zafin da ke kwantar da berje, shi a cikinsa aka haife shi. Halinsa sananne ne: yana manne wa mutanensa, yana ja da baya daga baƙo, ba ya kaɗa wa kowa wutsiya.

A farkon shekarun 1970 aka fara fita da shi zuwa Turai, ta Yugoslabiya da Faransa. A farkon shekarun 1980 babbar hukumar duniya mai rajistar ire-iren karnuka ta amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa, kuma Faransa ce ke riƙe da takardar da ta fayyace siffarsa. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin nata. Yau ana baje kolinsa a Turai da Amurka, alƙalai na zagaya shi suna duba tsayuwarsa, masu kiwo na alfahari da jinin da aka ɗauko kai tsaye daga Sahel.

A gida fa? Nijar na tinƙaho da shanun Azawak, har da tashar kiwo a Tukunus kusa da Filinge, tana tinƙaho da jar akuyar Maraɗi, amma karen da ya fito daga kwari ɗaya da shanun bai samu ko kusa da wannan gata ba. A nuna wa ɗan birni shi, sai ya taɓe baki ya ce karen ƙauye ne, ko ya ce yunwa ce ta kama shi. In kuwa hoton ya zo daga Paris da jan abin wuya, sai a tambayi farashi. Ba a ce kowa sai ya kiwata azawak ba, shi ma ba ya zaman ƙaramin tsakar gida, fili yake so da gudu. Amma wanda ya kalli abin da ƙasarsa ta haifa ya ga talauci kawai, ya kalli na waje ya ga daraja, da wuya a ce wannan ido ya tsaya kan karnuka. Da shi yake kallon harshensa, da sunan ƙauyensu, da sana'ar mahaifinsa, watakila har da fuskar da yake gani a madubi.

Duk maganar kare a ƙasar Hausa sai ta biya ta zauren malamai, kuma haka ya kamata. Akwai hadisai ingantattu da suka yi gargaɗi: ladar mutum na raguwa kullum in ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, ƙwaryar da ya sa baki a wanke ta sau bakwai. Wanda ke son ɗora kare kan gado saboda ya gani a fim ba zai samu malamin da zai tsaya masa ba. Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen ƙasar nan ke bi, ba ta ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, saɓanin Shafi'iyya, kuma tana ganin wankin nan sau bakwai bin umarni ne. Alƙur'ani ya halatta naman da karen farauta horarre ya kamo, ya kuma ambaci karen samarin kogo a Suratul Kahfi, wadda ake karantawa duk Juma'a. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don gadin gidansa, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙyamaci haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

Bukhari da Muslim sun kawo labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Na biyun ya dace masu keji su ji shi da kyau. Idan aka haɗa waɗannan nassoshi, tambaya biyu suke yi wa mai kare: don me ya ajiye shi, kuma yaya yake riƙonsa? Farauta amsa ce, kiwo amsa ce, gona amsa ce, gadi ma malamai da yawa sun karɓe shi. Hoto ba ya cikin jerin. Yaran da ke jifan kare a titi, manya na kallo suna dariya, su ma ba addini ne ya sa su ba.

Ƴan Nijar mazauna Faransa, Beljiyom ko Amurka sun san ɗaya gefen. Abin da ya fi ba sabon zuwa dariya shi ne kare da rigar sanyi, da likitansa, da inshorarsa, da dattijo mai kwat ya sunkuya da leda yana kwashe masa kashi a bakin titi. Saƙon murya nawa aka aika gida a kan wannan! Sai an shekara biyu ko uku, an ɗanɗani zaman ɗaki ɗaya inda maƙwabci ba ya sallama, dariyar ke raguwa. Tsohuwar da ƴaƴanta ke wani gari, karen nan shi ke fitar da ita waje sau biyu a rana, shi ne kuma dalilin da wani zai tsaya ya yi mata magana. Ɗan cirani da ya gane haka ya gane wani abu game da kansa: abin da ya baro a gida, zaure da fada da gaisuwar safe, dukiya ce da wasu ke neman madadinta a jikin dabba. Akwai ma wanda in ya kira gida, bayan ya gaishe da Inna ya tambayi ƙanne, sai ya ɗan yi jim ya ce, ina karen nan nawa, ana ba shi abinci kuwa?

Can ɗin ma ba a rasa masu saye don yayi ba. Duk lokacin hutun bazara ƙungiyoyin jin ƙan dabbobi a Faransa na kokawa kan karnukan da ake yasarwa a bakin hanya, har ta kai dokar da aka yi a 2021 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3 da tarar Yuro 45,000, kusan miliyan 30 na sefa, ga wanda ya yasar da dabbarsa. Dokar ta kuma wajabta wa mai son ɗaukar kare ya sa hannu kan takardar da ke nuna ya san nauyin da zai hau kansa. In da abin da ya cancanci a ɗauko daga can, wannan nauyin ne. Rigar sanyin ta zauna inda ake sanyi.

Akwai ƙorafin da ba a iya kau da kai daga gare shi. A unguwar da wasu gidaje ke kwana ba a ɗora tukunya ba, ana sayen buhun abincin kare daga waje, ko a aiki yaro mahauta ya kwaso nama, almajiri na tsaye a ƙofa da robarsa. Masu kare kan ce kuɗinsu ne, kuma ba a tambayar mai sayen babur mai tsada ko mai canza salula duk shekara. Gaskiya ne. Amma amsar ba ta rufe bakin ƙorafin gaba ɗaya ba. Tausayi ba ya ƙarewa don an yi wa dabba, sau da yawa ma wanda ya koyi lura da ƙishirwar kare shi ke fara ganin ta mutum. In aka ga akasin haka, kare na cin nama mai gadin da ke kula da shi bai karɓi albashinsa ba, to abin da ke gidan ba son dabba ba ne, son kai ne da ya samu ƙafa huɗu.

Wurin da ake saurin gane mai kiwo na gaskiya shi ne ofishin likitan dabbobi. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma allurar kare na tare shi tun daga tushe: in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar na daina yawo. An gwada a maƙwabta. A Njamena, a 2012 da 2013, an yi wa karnuka kusan dubu 20 allura a kowace shekara, kuma yaɗuwar cutar a birnin ta tsaya na wani lokaci. Wanda kare ya ciza, abu na farko shi ne wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya likita a ranar, ba a jira a ga abin da zai faru ba. Saurayin da ya iya biyan kuɗin kwikwiyo da sarƙa mai ƙyalli, amma katin allurar karensa babu hatimi ko ɗaya, ya riga ya faɗi matsayin ƴaƴan maƙwabta a wurinsa. Allura ba ta fitowa a hoto, shi ya sa ake mantawa da ita.

Berje kan rayu shekara 10 zuwa 13. Wanda ya saye shi yana ɗan shekara 25, kafin karen ya tsufa ya yi aure, ko an yi masa canjin wurin aiki zuwa Difa ko Agadas, ko ya kama hanyar Libiya ko Aljeriya. Amarya ta ce ita ba ta zama gida ɗaya da kare. Mai gidan haya ya ce ko shi ko karen. A lokacin baki ya yi furfura, haƙora sun dakushe, ƙugu ya fara ciwo kamar yadda yake yawan kama wannan iri, babu sauran mai neman hoto da shi. Wasu kan riƙe shi har ranar da za su haƙa masa rami a bayan gida. Wasu su bar wa mai gadi, wasu su kai shi ƙauye wurin dangi. Wasu kuma su sa shi a bayan mota da dare, su sauke shi a bayan gari, kan hanyar Doso ko ta Dakoro, su juya. Karen yakan bi motar da gudu har inda ƙarfinsa ya ƙare, daga nan ya koma daidai inda aka sauke shi ya zauna.